An yi mini aiki, an ce in jira sakamako: yaya kuka yi da wannan zaman?

Uwargida daga Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, amma ba ta magani ba. An yi mini aiki a ciki, an ciro ƙari daga mahaifa, irin wanda likitoci ke ce wa fibrom. Alhamdu lillahi an sallame ni, an cire zare, ina takawa har bakin zaure. To naman da aka ciro an sa shi a kwalba an tura Yawunde, babban birnin Kamaru, a bincika, aka ce idan takarda ta dawo za a kira ni. Ba a ce ran kaza ba. Na biyu kuma, ban taɓa haihuwa ba. Da na tambayi likita ko zan samu, sai ya ce a bari ciki ya warke tukuna. Da rana ina da masu dubiya, amma da an yi isha'i gida ya yi tsit, sai ni da waya. Ko wa ya kira sai gabana ya faɗi. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, don Allah me kuka yi?

Tela na Gidar:
Wa alaikumus salam. Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Baba Mai Goro, Marwa:
Sannu 'yata. Ni abin da zan ce miki gajere ne. Wanda ya fito da ke daga ƙarƙashin wuƙa lafiya bai manta da ke ba. Takardar nan abin da Allah ya rubuta shi za ta ɗauko, ko kin yi barci ko ba ki yi ba. Ki kashe wayar nan, ki riƙe carbi, ki daina bin sawun likitoci da tambaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ma'aikaciyar jinya, Gaundare:
Yaya, sannu da jiki. Bari in gaya miki inda naman nan yake bi, don wani lokaci rashin sanin hanyar ne ke sa mutum ya ɗauka shirun yana nufin mugun labari.

Ba kamar gwajin jini ba ne da ake ɗiba da safe a karɓa da yamma. Ana fara jiƙa naman a ruwan magani mai suna formol don kada ya lalace. Daga nan a yanko 'yan gutsattsari, a tsotse ruwan jikinsu, a daskarar da su cikin kakin da ake narkarwa, a fere su siriri fiye da takarda, a rina su da launi, sannan likitan da ya karanci wannan fanni ya zauna ya duba da madubin ƙara girma, ya rubuta rahoto. Ko a inda komai yake kusa, mako ɗaya zuwa biyu ake ɗauka. Mu kuma nan arewa sai ki ƙara da tafiya: daga Garwa zuwa Gaundare a mota, daga Gaundare zuwa Yawunde fiye da kilomita 600 a jirgin ƙasa, kwana ake yi a hanya. Wani wurin ma sai kwalabe sun ɗan taru ake aikawa. Masu karanta irin wannan gwaji kuma ba su da yawa a ƙasar, yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Saboda haka jinkirin takarda ba ya nuna abin da ke cikinta, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Sannan ki sani, fibrom ya zama ruwan dare a tsakanin matan Afirka, kuma mafi rinjayensa nesa ba kusa ba, ba ciwon daji ba ne. Tura nama gwaji ƙa'ida ce ta aiki, ba alamar likita ya ga wani abu ya ɓoye miki ba.

Inda zan saɓa wa Baba, da girmamawa, shi ne batun daina tambaya. Ki aika maigida ko ƙaninki ya tambayo abu uku: ranar da kwalbar ta bar Garwa, wane labo, wato ɗakin gwaji, aka kai ta, da lambar rasit. Sai a tsayar da rana guda da za a koma tambaya. Jiran da ke da rana daban yake da jiran da ba shi da ita.

Baba Mai Goro, Marwa:
To ai ni ban ce kada a yi magani ba. Na ce yawan bincike yana ƙara wa zuciya wahala.

Malamar makaranta, Domayo:
Baba ka yi haƙuri, amma wannan maganar ta "kada a dami likita" ita ta sa takardun mutane ke kwana a durowa. Ƙanwar babata sakamakonta ya dawo ya yi wata da watanni, asibiti na jiran ta zo, ita tana gida tana jiran a kira ta. Lambar da ta bayar ta ɗanta ce, shi kuma ya sauya layi. Ba wanda ya yi mugunta, kowa dai ya zauna yana haƙuri. Hajiya, ki tabbatar lambar da ke kan katinki tana aiki, ki ƙara musu da ta biyu.

Malamin Islamiyya, Sabongari:
Baba da Malama, maganarku ba ta cin karo. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, mutum ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tambayar lambar rasit ɗauri ne. Kwana ido biyu ana ƙirga abin da bai faru ba, wannan ba ɗauri ba ne, kuma nan ne maganar Baba take da ƙarfi.

Wani abu da nake yawan gani wajen masu jinya: damuwar da suke ɗorawa kansu a kan salla. Mace na da ɗinki a ciki tana tilasta wa kanta ruku'u da sujada, ko kuma ta bar sallar gaba ɗaya tana jin ta yi laifi. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya yi tambaya, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Yana cikin Bukhari. Ki yi yadda jikinki ya ba ki dama, ladanki yana nan.

Uwargida daga Yelwa, Garwa:
Na gode Malam, wallahi a kujera nake yi amma zuciyata ba ta kwanta ba sai yanzu. Ƙanwata ta Gaundare, Allah ya saka da alheri. Ni ban ma san akwai wata lamba ba.

Direban Kusiri:
Hajiya sannu. Nawa ba na takarda ba ne, na aljihu ne. An yi mini aikin gwaiwa, likita ya ce mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba doguwar hanya. Duk wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri ya san dalili, lafiyayye ma yana sauka da ciwon ƙugu. To mota ba tawa ba ce. Kullum tunanina shi ne mai mota zai jira ni ko zai miƙa wa wani makulli. Shi ma bai ce zai jira ba, bai ce ba zai jira ba, sai "Allah ya ba da lafiya".

Abin da ya kwance mini kai shi ne na tura yayana ya same shi ido da ido. Aka yi magana a fili: ƙanina zai riƙe motar, a riƙa ba ni wani abu a kowace tafiya, in na warke in karɓa. Kuɗin bai kai rabin abin da nake samu ba, amma daga ranar na fara barci. Na lura rabin abin da ke hana mai jinya barci tambayoyi ne da ke da amsa a bakin wani mutum, kunya ce kawai ta hana a tambaya. Sauran rabin kuma sai Allah.

Tela na Gidar:
Gaskiya ne. Ni ma sai da matan adashinmu suka yarda a ba matata kwasarta kafin lokacinta sannan muka numfasa, lokacin da aka yi mata aikin haihuwa. Da ma ta sayi takardar nan ta mata masu ciki ta sefa 6,000 da aka fara yi a yankunan arewa uku, ita ta ɗauke kuɗin aikin. Amma cefane da kuɗin zirga-zirga ba su cikin takarda.

Malamar makaranta, Domayo:
Tunda an buɗe magana, a taɓo masu dubiya. Su ne rabin ciwon. Mace ta shigo ta zauna, ta ce "irin wannan aikin aka yi wa wance, wata uku aka yi jana'izarta". Wata ta ce a buɗe ta ga ɗinkin. Wata ta zo da ƙullin gari a barbaɗa. Su tafi su yi barcinsu, su bar ki da abin da suka zubar.

Gwaggo ta Mokolo:
Ke 'yar nan, a hankali. Dubiya haƙƙin musulmi ce a kan ɗan'uwansa. Ranar da kika kwanta ba wanda ya leƙo, ranar za ki san ciwo. Mu da muka yi jinya a da, ba waya ba komai, mutanen nan su ne suka ɗebo ruwa suka yi daka.

Malamar makaranta, Domayo:
Gwaggo ban ce kada a zo ba. Wadda ta zo ta yi wanki ta kama yara ai ita ce 'yar'uwa. Ina magana kan masu zuwa da labarin mutuwa.

Gwaggo ta Mokolo:
To wannan kam rashin hankali ne, kuma maganinsa tsohuwa a ɗaki. Mai jinya ba za ta iya korar baƙo ba, amma uwarta ko gwaggonta tana iya cewa "an gode, likita ya ce ta kwanta". Ba wanda zai riƙe tsohuwa a zuciya. 'Yata ta Garwa, wa ke zaune da ke?

Uwargida daga Yelwa, Garwa:
Innata ce, Gwaggo, amma ita ma kunyar mutane gare ta. Zan karanta mata wannan.

Akwai abin da ban faɗa ba. Tsorona shi ne takardar ta riga ta dawo, an gaya wa maigida, shi kuma ya ɓoye mini. Kwanan nan ya cika tausasa mini murya. Ko ya kawo mini kifin Lagdo sai in ce a raina to me ya ji.

'Yar Njamena:
Kai, Yaya, kin sa ni dariya kin kuma sa ni hawaye. Mutum ya kawo kifi ya zama abin tuhuma. Amma na gane. Mu mun ɓoye wa mahaifiyarmu nata sakamakon, kuma har gobe ina ganin daidai muka yi. Tsohuwa ce, hawan jini gare ta, kalmar daji kaɗai ta isa ta kwantar da ita. Ta ci abincinta, ta yi wasa da jikokinta. Ba kowa ne ke son ya sani ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gaundare:
Ba kowa ba, haka ne, kuma ban ga laifinku ba. Amma wa ya yanke cewa ba ta so? Abin da nake gani a ɗakin marasa lafiya shi ne yawanci sun sani. Suna karanta fuskar 'ya'yansu. Sai ya zama kowa na ɓoye wa kowa, mai ciwo ta rasa wanda za ta gaya wa tsoronta don kada ta ɓata musu wasan. Kuma ga illar da ta fi: ko da labarin mai daɗi ne, wadda ta saba ganin ana ɓoye wa mutane ba za ta yarda ba. Dubi Yaya, ba a ce mata komai ba amma har ta fara zargin kifi.

Yaya, ki gaya wa maigida yau, cikin natsuwa, cewa kina so ranar karɓar takarda ku shiga tare, likita ya faɗa a gabanki. Ki gaya wa likitan ma. Jikinki ne, kina da haƙƙin ji. In kuma wata ta ce ita a gaya wa ɗanta kawai, wannan ma zaɓinta ne, a bi mata.

'Yar Njamena:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana game da tsofaffi. Amma ita Yaya tunda ta ce tana so, a gaya mata.

Ɗan kasuwa, Yaguwa:
Ni ina ganin batun haihuwar ne ya fi damunta. Shawarata ita da kanta ta ba maigida dama ya ƙara aure, hankalin kowa ya kwanta.

Shugabar zaure:
Alhaji, baiwar Allah ko wata biyu ba ta yi da tashi daga gadon aiki ba. Ba wannan ta tambaya ba. A kiyaye.

Gwaggo ta Mokolo:
Ka ji mutum.

Ma'aikaciyar jinya, Gaundare:
Kan haihuwa, amsar da likita ya ba ki ba kauce wa tambaya ba ce. An yanka jikin mahaifa an ɗinke, tana bukatar watanni kafin ta iya ɗaukar nauyin ciki. Yawanci ana cewa a jira wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye, gwargwadon zurfin yankan da yawan ƙarin da aka ciro. Wanda ya yi aikin shi ya san wannan, ba mu ba. Mata da yawa suna samun ciki bayan irin wannan aiki, wasu kuma ba sa samu, kuma ba mai iya yi miki alkawari. Abin da za ki iya tambaya a randebu na gaba, wato ranar komawa ganin likita: wata nawa zan jira, wace hanyar tazara zan bi kafin nan, in na samu ciki ta aiki zan haihu ko da kaina, kuma bututun mahaifa yaya ya gan su. Ki rubuta a takarda tun daga gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma a gaban likita kan mutum yakan ɗauke.

Direban Kusiri:
Batun dare fa? Ita ta ce dare ne matsalarta, mun bar ta a can.

'Yar Njamena:
Na farko a rage shayi. Mu nan mun san kanmu, kofi uku bayan magariba sannan a ce barci ya ƙi zuwa. Na biyu barcin rana. Mai jinya na kwance tun hantsi har la'asar, dare ya yi ido ya bushe. Lokacin da na yi jinyar ƙafa, abin da ya taimake ni shi ne na ba kowane lokaci aikinsa: bayan asuba tattaki a tsakar gida kafin rana ta yi zafi, da hantsi tsintar wake ko gyaran zogale a zaune, bayan azahar kwanciya kaɗan, bayan la'asar karatu da yaran maƙwabta. Ba don aikin yana da muhimmanci ba, don dai yini ya samu gaɓoɓi. Kuma na hana kaina bincike a intanet. Ka rubuta ciwon kai, ya nuna maka kabari.

Malamar makaranta, Domayo:
Ni kuma na ware wa damuwar lokacinta. Bayan la'asar in ɗauki littafi in rubuta duk abin da nake tsoro, komai muninsa. In ya taso da dare sai in ce masa an riga an rubuta ka, sai gobe. Abin kamar wasa, amma ya yi mini aiki. Wayar ma a ba Inna ta kwana da ita, ba asibitin da zai kira da sakamako ƙarfe biyu na dare.

Ma'aikaciyar jinya, Gaundare:
Maganar shayi tana da wani amfani. Mai fibrom yawanci ta daɗe tana zubar da jini, ga na aiki, shi ya sa ake ba da ƙwayar ƙarin jini. Shayi yana rage yadda jiki ke tsotse ta, a raba su da kamar awa biyu. In ta sa bayan gida ya yi baƙi kada a tsorata, haka take. Ƙarancin jini kuma da kansa yana kawo kasala da bugun zuciya, mutum ya ɗauka tsoro ne ko wani sabon ciwo. A ci hanta, wake, ƙwai, kifi, ganye. Masu cewa ƙwai ko gyaɗa na sa ɗinki ya yi ruwa, ba haka ba ne, nama da nama ake gina shi.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a aiki yaro wajen mai tebur ya sayo tramadol ko ƙwayar barci. Mun ga mutanen da suka warke daga aiki suka faɗa wannan. In rashin barci ko kuka ko ƙin abinci ya wuce mako biyu kullum, a gaya wa likita, shi ma ciwo ne da ake dubawa.

Baba Mai Goro, Marwa:
Ga azumi ya ƙarato, ga zafin Garwa da ke haura digiri 40. Malam, a yi mata bayani.

Malamin Islamiyya, Sabongari:
Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta riga ta yi bayani: marar lafiya da matafiyi su rama a wasu kwanaki. Ta tambayi likitanta. In ya ce ta sha, ta sha ba tare da jin nauyi ba, ta rama lokacin sanyi.

Wani ɗan'uwa a Birketiri, Yawunde:
Hajiya, ni ina nan unguwar Hausawa. In aka san labon, matata tana iya zuwa ta tambaya ko ta karɓo a rufe ta ba direban da kuka amince da shi.

Shugabar zaure:
Allah ya saka. Amma suna da lambar rasit a tura ta akwatin sirri, kada a sa a zaure.

Matashi daga Kaele:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, tun ɗazu nake karantawa. An yi wa babana aikin ƙashin cinya, yana gida a kwance. Tun jiya sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta dama lafiya lau. Yau kuma yana cewa numfashi na yi masa wuya. Randebu sai mako mai zuwa. Mu jira, ko mu shafa masa man zafi mu murza?

Ma'aikaciyar jinya, Gaundare:
Ƙanina, kada ku jira, kuma kada ku murza. Wannan ba irin jiran da muke magana a kai ba ne. Ƙafa ɗaya ta kumbura bayan aiki da doguwar kwanciya, ga numfashi ya canza, ana tsoron gudan jini ne ya daskare a jijiya, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ku kai shi asibiti yanzu, sashen gaggawa, kada ya taka da ƙafarsa. Kowa ma ya riƙe: zazzaɓi da ya kai digiri 38, ɗinki ya yi ja yana fitar da mugunya ko wari, jini da ya ƙi tsayawa, amai ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura ba iska ba bayan gida, waɗannan ba sa jiran ranar randebu.

Direban Kusiri:
Mota za ku nema, ba babur ba. Ku kwantar da kujerar gaba. Ku ɗauki katin asibitin da duk magungunan da yake sha a leda guda.

Matashi daga Kaele:
To. Maƙwabcinmu ya tafi ɗauko motarsa. Katin yana wajen yayata, na kira ta ta same mu a can.